Shirun Malam Hammadu Duba-gari

Unguwar Madaki,
Gombe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babayo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka lafiya, mota ba ta ba ku wahala ba, kuma ka tarar da mutanen arziki a inda aka tura ka. Allah Ya tsare ka a masauki, Ya tsare ka a kan kujerar da za ka zauna. Na cusa ta cikin sabon kaftaninka ne don na san shi za ka fara warewa ranar Litinin.

Na san kana mamaki. Adda da rubuto maka wasiƙa? Matar da ko "ka ci abinci?" sai ta aiko ta bakin babanka? To, ni ɗin ce. Kai ne ɗan fari, kakarka Dada ce ta goye ka, ka tashi kana kirana Adda kamar yadda ƙannena suke kirana, ban kuwa taɓa gyara maka ba. In zauna da kai in yi doguwar magana, wannan kam ba zan iya ba, bakina nauyi yake yi. Amma hannuna ba ya jin kunyar kowa, shekara talatin ya yi yana buga takardun gwamnati.

Ran da ka shigo kana washe baki, kana gaya wa babanka an ɗauke ka aiki a ƙaramar hukuma, har an ce kai za ka riƙe sakataren kwamitin ladabtarwa, ina kicin ina ji. Na yi hamdala har hawaye ya zo mini, na ce wa ƙanwarka hayaƙi ne. Amma gabana ya faɗi, domin kujerar nan na san ta. Na zauna a kanta a ƙaramar hukumar da na yi aiki, ina rubuta abin da aka faɗa idan an kawo ƙarar ma'aikaci.

Kai ka karanto ƙa'idar a makaranta, ka zo ka zuba mana turancinta har kunnuwanmu suka gaji. Ni ma na san ta. Ƙorafi ya zo a rubuce da sa hannun mai shi. A ba wanda ake zargi kwafi tare da takardar tuhuma, wadda muke ce wa kwari, ya mayar da amsa a rubuce. A sa rana a sanar da kowa da wuri. Wanda yake da dangantaka da ɗayansu ya tashi daga teburin. A ji daga bakin kowa, a karanta wa mutum abin da aka rubuta a kansa, a kuma nuna masa hanyar ɗaukaka ƙara. Duk na haddace su tsaf. Sai ga shi a kan mutum ɗaya na tsallake fiye da rabinsu.

Mutumin kuwa ka san shi. Baba Hammadu ne, telan nan na Tudun Wada, wanda ya ɗinka kaftanin da ke hannunka.

Ba a tela ya fara ba. Lokacin kana ɗan shekara biyu, Malam Hammadu duba-gari ne a wurinmu, dogo, siriri, kakinsa kullum a goge, shi ke zagaya masu sayar da abinci yana duba tsafta. Wata rana aka rufe shagon abincin Mama Chidi saboda kwatar da ke bayansa ta toshe. Ita ma ka san ta, ita ce mai aiko mana shinkafa da kaji duk Kirsimeti. Shagon da ke manne da nata, wanda kwata ɗaya suke zuba ruwa, ba a taɓa shi ba, mai shi kuwa ɗan'uwan matar Malam Hammadu ne. Mama Chidi ta rubuto ƙorafi cewa duba-gari ya nuna son kai. Aka ba shi kwari, ya mayar da amsa layi ɗaya tak: "Na yi aikina yadda aka koya mini." Aka sa ranar zama.

Mutum biyar ne a teburin. Shugaban zaman sabon darakta ne da aka turo mana daga wani wuri, bai san kowa ba. A hannun damansa kuwa Alhaji Buba, shugaban sashen lafiya, maigidan Malam Hammadu a ofis. Abin da daraktan bai sani ba, ni kuwa na sani, shi ne Alhaji Buba bappan matar Malam Hammadu ne, shi ne ma waliyyin da ya ba da aurenta. Ba labari aka ba ni ba, na je bikin, na ci masa har na ƙulle wata a leda na kawo gida.

Da aka kira Malam Hammadu, sai ya tuɓe takalminsa a bakin ƙofa, ya shigo ya tsuguna a gefen tebur.

Darakta ya ce, "Malam, ga kujera, tashi ka zauna."

Ya ce, "Nan ma ya yi, ranka ya daɗe."

Wani daga cikin 'yan kwamitin ya yi dariya ya ce, "Tun ba a fara ba jiki ya mutu?" Ni ban yi dariya ba. Na san ba tsoro ne ya tsugunar da shi ba. Bafulatani ne a gaban surukinsa, ko duka za a yi masa ba zai hau kujera su yi kafaɗa ɗaya ba. Na dubi Alhaji Buba ina jiran ya ce, "A yi mini uzuri, yaron nan surukina ne," ya fita. Ina! Carbinsa kawai yake ja yana kallon fankar sama. Na buɗe baki zan yi magana, sai zuciyata ta ce, ke wace ce? Mai riƙe biro, mace, ƙaramar ma'aikaciya. Na mayar da bakina na rufe.

Wannan shi ne kuskurena na farko, sauran duk daga shi suka tsiro. Don haka ka ji ni da kyau. Littafinku ya ce a tambayi wanda ake tuhuma ko yana da ja a kan wani ɗan kwamiti. A ina za ka tambaye shi? A cikin ɗakin, mutumin na zaune yana kallonsa? Mutanenmu ba za su amsa maka ba, sai dai su ce ba komai. Kafin a shiga, ka ja shi baranda, ku biyu, ka karanta masa sunayen waɗanda za su zauna, ka ce, "A cikin nan akwai wanda ba za ka iya magana a gabansa ba?" Ba suruki kaɗai ba. Akwai malamin da ya koya masa karatu, akwai limamin unguwarsu ko fastonsu, akwai wanda ya samo masa aikin. In ya sunkuyar da kai a kan wani suna, ka je ka gaya wa shugaban zama a ofishinsa. Kada ka ce kai ƙarami ne. Don wannan aka ajiye ka, ba don ka iya latsa kwamfuta ba.

Mama Chidi kuwa ba ta wurin. Tun farko darakta ya ce ba sai an wahalar da ita ba, takardarta ta isa. Ƙa'ida ta ce a gayyace ta, aikina ne in tuna masa. Amma ina ɗauke da cikin ƙanwarka, ga zafin Gombe na bazara, ga shi ni zan tabbatar takardar gayyatar ta isa hannunta. Wallahi daɗi na ji da ya faɗi haka. Da ta zo, da magana ɗaya ta bakinta ta warware komai, za ka ji yadda aka yi. Kai dai kada ka taɓa yarda a yi zama a kan takarda alhali mai takardar yana da rai yana da ƙafa. Takarda ba a yi mata tambaya ta amsa. Kuma sau da yawa abin da mai ƙorafi yake nema bai kai rabin abin da kwamiti zai yanke da sunansa ba.

Darakta ya karanta ƙorafin, ya ce, "Malam Hammadu, gaskiya ne ka rufe shago ɗaya ka bar ɗaya?"

Shiru.

"Ka rubuta rahoto a kan shagon na biyu, ko ba ka rubuta ba?"

Ya ɗago ido kaɗan wajen Alhaji Buba, ya mayar ƙasa. Sau uku ana tambayarsa. Gumi na ɗiga daga haɓarsa kan siminti. A ƙarshe darakta ya gaji ya ce, "To, shi ke nan, mun ji."

A littafina na rubuta, "Bai ce komai ba." Wannan gaskiya ne. Amma fom ɗin da ake cikewa a tura sama gida biyu ne da shi, ɗaya na wanda ya amsa laifi, ɗaya na wanda ya musa. Shiru ba shi da gida. Ni kuwa a lokacin abin alfaharina shi ne takardata ba ta dawowa da jan biro. Na duba, na duba, na sa alama a gidan wanda ya amsa. Ya kamata in karanta masa kafin ya sa hannu, sai aka kira azahar, kowa ya miƙe yana naɗe hannun riga. Na miƙa masa biro, ya sa hannu bai duba ba.

Babayo, ba ina ce maka duk wanda ya yi shiru mai gaskiya ne ba. Na ga marasa gaskiya da yawa da suka ƙame kamar an ɗinke musu baki. Abin da nake cewa, ka rubuta abin da idonka ya gani da abin da kunnenka ya ji, kada ka ƙara ko ɗigo. In ya yi shiru ka rubuta ya yi shiru. In fom ba shi da gurbinsa, ka ja layi ka rubuta a gefe da hannunka, fom ɗin ya yi muni, ba komai. Ka karanta wa mutum da harshen da yake ji, ko da an tayar da salla, a je a yi a dawo a ƙarasa. Darakta zai tashi, 'yan kwamiti za su yi ritaya, amma abin da ka rubuta yana nan cikin fayil yana bin mutum.

Hukumar da ke samanmu ta amince da shawarar kwamiti. Aka rage masa matsayi, aka karɓe kakin, aka mayar da shi gadin sito. Ni na buga takardar. A ƙarshenta akwai layin da ke gaya wa mutum yana da damar ɗaukaka ƙara cikin kwanakin da ƙa'ida ta ba shi. Layin ya tsallaka shafi na biyu. Na ce kai, a kan layi ɗaya zan sake ɗura wata takarda a tafireta? Na datse shi. Ka ji ƙanƙantar abin? Ko yanzu da nake rubutawa kunya nake ji. Wata uku Malam Hammadu ya yi a bakin sito, mutanen da da suke gyara tsayuwa in sun hango shi suna wucewa suna nuna shi da baki. Ya ajiye aikin, ya koma wajen wani tela ya koyi ɗinki da girmansa.

Ana nan sai ga Mama Chidi a ofishinmu, ɗankwali a hannu, tana huci. Ka san Hausarta, a Gombe aka haife ta, ta fi ka iyawa.

Ta ce, "Malama Hauwa, me kuka yi wa bawan Allahn nan? Ni na ce ku raba shi da aikinsa? Cewa na yi a buɗe nawa ko a rufe duka biyun! Bayan na kai ƙorafin ya zo da ƙafarsa ya ce mini, Madam, ki yi haƙuri, takarda biyu na rubuta. Na zauna ina jira ku kira ni in faɗa, har yau ba ku kira ni ba. Haba, ku ji tsoron Allah mana!"

Da ta fita na jawo littafin da nake shigar da duk takardar da ta shigo ofis. Ga su nan, rahoto biyu, rana ɗaya, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, da rubutun hannuna. A gabansu sa hannun Alhaji Buba, shi ya karɓa. Takarda ɗaya ta tafi aka rufe shago, ɗaya ta kwanta a aljihun teburinsa. Ashe abin da Malam Hammadu ya kasa faɗa ke nan, don faɗarsa tona asirin surukinsa ne a bainar jama'a. Ka san abin da na yi? Na rufe littafin na mayar da shi kan kanta. Shekara huɗu ina ɗauke da wannan abu a ƙirjina.

Da za a sa ka firamare na ɗauki yadin kayan makarantarka, na wuce teloli nawa a Madaki, na kai Tudun Wada wajen Malam Hammadu. Babanka har tsiya yake yi mini, wai telan nan da zaren zinariya yake ɗinki ne? Duk zuwa da niyyar yin magana nake zuwa. Sai ya tare mu da fara'a, ya durƙusa ya auna ka, ya ce, "Kai, Babayo, wannan ƙafa taka ina za ta?" Ni kuwa in karɓi kaya in yi godiya in fito. Kada ka yi irin wannan. In ka gane ka cuci mutum, ka tafi a ranar. Jinkirin bai rage mini komai ba, shi kuwa ya ƙara masa shekara huɗu.

Ran da Allah Ya buɗe bakina, ba kowa a shagon. Na faɗa masa komai, har layin da na datse. Bai tsayar da keken ba sai da ya kai ƙarshen ɗinkin.

Ya ce, "Malama Hauwa, ai na san kin sani. Na ga lokacin da kika ɗaga biro kika dube ni."

Na ce, "To, don Allah me ya hana ka magana?"

Ya ce, "Ke za ki iya ƙaryata surukinki a gaban mutane? Shi ya ba ni uwar 'ya'yana." Ya ciji zare ya ce, "Ni kunya ta rufe mini baki, ke tsoro. Allah Ya yafe mana gaba ɗaya. Ni na yafe miki tun tuni."

Na fashe da kuka a shagon mutane, da girmana. Ya bari na yi mai isata, sannan ya ce aikin kam ya fita daga ransa, abu ɗaya ne yake hana shi sukuni. Tsohonsa yana ƙauye, ya makance, kuma abin da aka kai masa shi ne ɗansa ya ci amanar aiki. Tun daga lokacin in ya je gaishe shi, tsohon yana amsawa ne fuskarsa na kallon bango. Ya ce, "Ina so ya ji ba haka ba ne kafin ya tafi."

Lokacin Alhaji Buba ya yi ritaya, daraktanmu kuma wani Batangale ne, Mista Danladi, mutum mai sanyi amma ba ya wasa da ƙa'ida. Na rungumi littafin shigar da takardun nan na kai masa, na rubuta duk abin da na yi na sa hannu. Ya karanta ya cire tabarau ya ce, "Malama, kin san wannan zai shiga fayil ɗinki?" Na ce na sani. Ya kuwa shiga. An ba ni takardar gargaɗi, ƙarin girmana ya makara, wanda babanka ya ɗauka rashin uwa a gindin murhu ne. Lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce da daɗewa, amma da yake ba a taɓa gaya wa mutumin yana da wannan dama ba, sama suka yarda a sake zama.

Ranar zaman Mama Chidi ta rufe shagonta ta zo tun kafin a buɗe ofis. Na roƙi Mista Danladi ya bar ni in ga Malam Hammadu a baranda, na karanta masa sunaye biyar, na yi masa tambayar da ya kamata in yi tun farko. Ya ce babu. Ya shiga da takalminsa, ya zauna a kan kujera. Da aka tambaye shi ya ce, "Takarda biyu na rubuta, ranka ya daɗe." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, har aka tashi bai kama sunan surukinsa ba. Littafin nan da Mama Chidi su suka faɗi sauran. Aka wanke shi tas, aka ce ya dawo bakin aiki, ya ce ya gode, allura ta riga ta riƙe shi. Takardar kawai ya karɓa. A ranar ya hau mota zuwa ƙauye, ya karanta wa tsohon, ya fassara masa da Fillanci. Ya ce mini tsohon ya juyo daga bango, ya lalubo kansa ya dafa. Damina ba ta ƙare ba tsohon ya rasu.

Ban san da wane baki zan gode wa Allah ba da Ya ja ran tsohon nan har takardar ta isa. Da ya rigaye ta, ban san ina zan kai kaina ba. Na gode wa Mama Chidi da ta zo ta wanke ni da faɗa maimakon ta yi shiru tunda an buɗe mata shago. Na gode wa Mista Danladi da bai rufa mini asiri ba, bai kuma wulaƙanta ni ba. Baba Hammadu kuwa, mutumin da na yi wa haka, shi ya tufatar da kai tun daga gajeren wando har wannan kaftani. In ka zo hutu ka fara ta wajensa, ka tsuguna ka gaishe shi da kyau. Da na je karɓar kayan na gaya masa aikin da aka ba ka. Ya yi murmushi ya ce ya yi maka aljihun biro a ƙirji, wai in ce maka kada ka manta da baranda.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi yi mini wuya. Shekararka ashirin da bakwai, ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban taɓa yaba ka a gaban mutane ba, ran da ka gama jami'a ma cewa na yi ka cire hular nan ka je ka ɗebo ruwa. Na san wani lokaci kana dubana kana neman gidan da za ka sa wa wannan shiru alama. Kada ka yi mini abin da na yi wa Malam Hammadu. Ba a taɓa yin ranar da ka fita daga gidan nan ban tsaya bayan labule na bi ka da addu'a har ka sha kwana ba. Ina alfahari da kai. Sunanka na yanka da ke bayan ambulan ɗin nan ba babanka ne ya rubuta ba, ni ce, da hannuna.

Allah Ya yi maka albarka. Ya tsare ka daga cutar da bawansa da biro ko da baki, Ya ba ka ƙarfin yin magana a inda na kasa. Ya haɗa ka da shugabanni masu tausayi, Ya kai ka lafiya Ya dawo mana da kai lafiya. Dada tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Babanka da ƙannenka duk suna gaisuwa. In ka kira waya kada ka tayar mini da zancen wannan takarda, in ka yi miƙa wa babanka zan yi.

Wassalam.

Taka,
Adda.